Lambun da Mahmuda Ya Ba Da Aro

Akwai wani malamin makaranta a Kaura Namoda, Mahmuda, wanda bai gaji komai daga mahaifinsa ba sai lambu guda da rijiya a tsakiyarsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara aka mai da shi aiki Gusau, sai ya ba amininsa Namadi aron lambun. Ba shaida, ba sharaɗi. Tare aka yi musu kaciya, wace shaida kuma?

Kowane rani Namadi kan aiko da kwandon latas da kabeji, irin ɗan hasafin da mai aro ke yi wa mai gona. Ganye kore shar, manya-manya. Mahmuda har rabo yake wa maƙwabta yana cika baki: "Ƙasar babana ke nan!" Yaransa kuwa ba su rabuwa da ciwon ciki, shi yana ta zargin ruwan Gusau.

Bayan wasu shekaru ya dawo gida don ya karɓi abinsa. Tun daga bakin lambu wari ya tare shi. Rijiyar mahaifinsa ta cike da shara. An haƙo hanya daga kwatar gari, wadda ke ɗauko ruwan mahauta da na marina da na bayan gidaje, tana malala cikin fangalin shuka. Rabin lambun ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa, ko ciyawa ta ƙi shi.

Mahmuda ya iske Namadi a wurin. Ya ce, "Namadi, mi kay yi ma ƙasar babana?"

Namadi ya yi 'yar dariya. "Haba Malam, ga lambunka nan, ko taku guda ban ci maka ba. Jan guga wahala na. Ruwan ga kau kyauta, ga shi da taki."

Mutane suka taru, wasu na cewa a tafi gaban alƙali, ai yanzu Shari'a ake. Mahmuda ya shiga cikin shukar. Ya duƙa ya tsinko latas ɗaya, ya miƙa wa Namadi.

"Ci. Shi kake aiko ma ɗiyana."

Namadi ya dubi ganyen, ya dubi jama'a, ya ƙi karɓa. Ashe tun farko bai taɓa barin ko ganye ɗaya ya shiga gidansa ba. Wannan ya fi mutuwar lambun ƙona ran Mahmuda, har ya zubar da hawaye gaban mutane.

Kafin ranar kasuwa labari ya gama gari. Kayan lambun Namadi suka riƙa ruɓewa a gabansa, ba mai ko tayawa. Mahmuda ya toshe kwatar, ya yashe rijiya, amma gefen da ya yi fari bai sake fitar da komai ba.

Darasi: Abin da ba za ka iya kaiwa bakinka ba, kada ka shayar da shuka da shi ka ciyar da 'ya'yan wasu. Cin amana ba sai an ci iyaka ba. Ku tura wa masu lambu da masu saye, ko wani ya tsira.