Ranar da Shafa'atu Ta Tare Gayya a Bakin Gonarta

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke gefen Tsafe, sunanta Shafa'atu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da gona guda, wadda ita ce cinsu, ita ce suturarsu.

A daminar da abin ya faru, ƙungiyar mata manoma ta ƙauyen ta samo bashin iri da taki daga wani bankin manoma a Gusau. Jami'in da ya zo ya kuma yi musu bayanin inshorar amfanin gona: wadda ta so, ta biya ɗan wani abu tun farkon damina, in iftila'i ya faɗa wa gonarta a biya mata asarar. Sharaɗi ɗaya ya yi ta nanatawa. In ɓarna ta auku, a kira su nan take, kuma kada a taɓa gonar sai mai duba ɓarna ya zo ya gani da idonsa.

Shafa'atu ta sayar da tunkiyarta ta shiga inshorar.

Maƙwabcin gonarta wani dattijo ne, Baba Buba, mai kaifin baki. Da labari ya kai masa, sai ya tare ta a bakin rijiya gaban mutane.

"Shafa'atu, an ce kin sai da tunkiya don mutanen Gusau su tsare miki hadari? In ya taso sai ki ɗaga masa takarda ya koma?"

"Baba, ai ba hadarin za su tsare ba."

"To mi za su tsare? Tunkiyar?"

Aka kwashe da dariya. Ta ɗauki ruwanta ta wuce.

Masara ta yi kyau a shekarar, ta yi kore shar, har ta fara goyo. Sai wata rana da la'asar cikin watan Agusta, iska ta taso da ƙanƙara. Kafin magariba gonakin wannan ɓangaren sun kwanta. Tata da ta Baba Buba suka fi shan wahala: kara a karye, ganye a yayyage kamar an bi shi da almakashi.

Ta tsaya cikin taɓo ta yi kukanta, sannan ta goge ido ta kira Gusau. Aka ce mata mai duba ɓarnar, Malam Tajuddeen, yana Bungudu inda ruwa ya ci gonaki. Da ya gama zai zo.

Tana da wa, Mamman, mutum mai zuciya da son 'yan'uwa. Da ya ga gonar, bai shawarci kowa ba. Ya bi gida gida ya kira gayya, a cire karyayyen kara, a yi huɗa, a shuka wake kafin ruwa ya ɗauke. So yake ya ba ƙanwarsa mamaki.

Washegari da hantsi tana tankaɗen gari, sai ta ji gangar noma. Ta leƙa ta kan danga. Ga maza nan da galma a kafaɗa, ga mata da ƙoren fura a ka, duk sun nufi gonarta.

Ta yar da rariya, ta figi mayafi, ta zuba a guje.

Ta iske na gaba har ya ɗaga galma. Ta sha gabansa ta ware hannu biyu.

"Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

Ganga ta mutu.

"Ke lafiya?" in ji Mamman.

"Yaya, kada a taɓa ko kara ɗaya. In mai duba ɓarna ya zo ya tarar an huɗe, me zan nuna masa?"

"Ki nuna masa mu! Duk mun gani. Ko mu duka maƙaryata ne?"

"Ba a ce kai maƙaryaci ba ne, Yaya. Amma gonar zai duba, ba fuskarka ba."

Wani daga baya ya yi dariya, wanda ya ƙara tunzura Mamman.

"Tun da nike ban taɓa ganin an kori gayya ba. Mutane sun bar nasu aiki sun zo don zumunci, ke ki tsaya jiran wani ɗan boko mai babur? In ruwa ya ɗauke, ba masara ba wake, mi za ki ba yaran ga?"

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Amma ta san ɗayar gaskiyar. Wake kaɗai ba zai biya bashin taki ba. In inshora ta kuɓuce, sai ta jinginar da gonar marayu.

Ga kunya kuma. An dama fura, an biya makaɗi, idon kowa a kanta. Ta ɗaga kai tana neman mafita, sai ta hango Baba Buba zaune a kan iyakar gonarsa, ya zuba tagumi. 'Ya'yansa duk suna ci-rani, gwiwoyinsa kuma sun daɗe da gajiya.

"Yaya," ta ce, "ba korar ku na yi ba. Ga gona can da ba wanda zai zo duba ta. Ku faɗa mata. Furar ma a kai can."

Kowa ya juya yana kallon gonar Baba Buba.

Baba Buba ya miƙe da sandarsa. "Tawa? Bayan abin da na yi miki a bakin rijiya?"

"Baba, ƙanƙarar ba ta ji abin da ka ce ba. Tare ta kwantar da mu."

Makaɗi ne ya fara kaɗa gangarsa. Kafin ka ce me, maza sun tsallaka iyaka da ihu, galma na tashi tana sauka, mata na guɗa. Kafin azahar an gama huɗa, an shuka wake. Mamman ya yi aikin, amma ko kallon ƙanwarsa bai yi ba.

Sai jira ya fara.

Ruwa ya ci gaba da sauka. Waken Baba Buba ya tsiro, ita tata gonar tana nan kwance tana ruɓewa. Duk wanda ya wuce sai ya girgiza kai. Ta kira Gusau, aka ce hanya ce, ta ƙara haƙuri. Ta sake kira, aka ce gobe. Akwai ranar da ta ɗauki galma da kanta har ta kai bakin gonar, ta tsaya, ta juyo gida.

Ran nan da safe sai ga ƙarar babur. Yara suka ɗauka da ihu, "Mai duba gona ya zo!" Ƙauyen duk ya fito.

Malam Tajuddeen ya sauka, wandonsa duk taɓo. Ya nemi gafara, ya shiga gonar ya zagaya ta kusurwa kusurwa. Ya ɗaga karyayyen kara ya duba, ya ɓare goyon da ya ruɓe, ya ɗauki hotuna da wayarsa. Shafa'atu na biye da shi.

Da ya fito sai ya ce, "Malama, kin taimaki kanki. A Bungudu na tarar da gonakin da 'yan'uwa suka riga suka huɗe. Na san an yi ɓarna, amma ba abin da zan nuna wa ofis. Taki kuwa ga ta nan ƙarara. Asarar ta tabbata, za a biya. Yanzu kina iya shiga gonarki."

Mata suka ɗau guɗa. Shafa'atu ta durƙusa a wurin tana ta "Alhamdulillahi."

Ba ta gama miƙewa ba ta ji ganga.

Baba Buba ne a gaba yana ɗingishi, ya jawo shanun huɗa da ya aro wajen surukinsa. A bayansa Mamman, da buhun irin wake mai saurin nuna a kafaɗa, sai sauran maza da galmunansu. Ashe tun ranar gayya tsohon ya ce kowa ya zauna da shiri, da an ji babur a fito.

Mamman ya sauke buhun a gabanta, ya sosa ƙeya.

"To, Hajiyar inshora. Yanzu an ba mu izini, ko sai mun jira daga Abuja?"

"An ba ku, Yaya," ta ce, tana dariya tana hawaye.

Waken ya samu ruwan ƙarshe ya yi. Inshora ta biya, bashin taki ya sauka, gonar marayu ta tsira.

Amma abin da mutanen ƙauyen suka fi tunawa shi ne, a ranar, Malam Tajuddeen ya tada babur zai tafi, sai Baba Buba ya riƙe masa kariyar bayan babur ɗin.

"Tsaya, yaro. Wanga abu naku, ana ɗaukar tsoho? Ina da ɗan rago."

Darasi: Idan ka shiga yarjejeniya, ka fahimci sharaɗinta ka riƙe shi, ko da masoyanka ne ke gaggauta ka. Kuma alherin da ba za ka iya karɓa yau ba, ka miƙa shi ga maƙwabci, ko da ya taɓa yi maka dariya, zai dawo ya same ka a lokacin da ya dace. Ku tura wa manoman da kuka sani, tun damina ba ta faɗi ba.