Zoben Tagulla a Goshin Jirgi

Akwai wani mutum a bakin babban kogi, sunansa Tanimu, yana da jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa. Da shi yake haye da mutane da buhunan hatsi ranar kasuwa, da shi yake ciyar da gidansa. Jirgin ba ya yoyo. Tanimu bai taɓa ganin aibinsa ba sai ranar da maƙwabcinsa Barnaba ya sa zoben tagulla a goshin nasa jirgin, inda ake ɗaura igiya.

Zoben nan in rana ta buge shi har kashe ido yake yi. Mata masu zuwa wanki suka riƙa tsayawa kallo. Tanimu ya dubi nasa, tsohon baƙin ƙarfe mai tsatsa, sai tuwo ya daina yi masa daɗi. Ya ce wa matarsa ai duniya ba gaskiya: shi da ya koya wa Barnaba ƙulla igiya, yau shi ake wucewa ba ko sannu.

Sai ya tafi wurin maƙeri, ya ce a yi masa irin na Barnaba, amma ya ninka shi girma. Da aka zo sawa, maƙerin ya ce za a huda katako mai kauri na can ƙasa, a zura ƙarfe ya ɓullo ta ciki, a tare shi da faifan ƙarfe, a ɗaure da noti. Haka aka yi wa Barnaba, aikin kwana biyu ne.

Tanimu ya ce, "Baba, wa zai sunkuya ya leƙa cikin jirgi? Sa shi nan sama, inda za a hango shi daga gangare."

Maƙerin ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa. "Ɗana, wannan allon na ado ne. Ƙusa kawai zai ɗauka."

"To, buga ƙusar. Gobe kasuwa."

Kashegari Tanimu ya ɗaure jirginsa dab da na Barnaba, ya koma gindin itace inda zai ji abin da masu wucewa ke faɗi. Ya kuwa ji, ya ƙoshi. Da la'asar hadari ya taso, iska ta fizgi jiragen biyu. Na Barnaba ya yi ƙara, ya tsaya. Na Tanimu ya ɓalle, ruwa ya kai shi kan duwatsu, ya farfashe. Da Tanimu ya jawo igiyar sai ta zo sakayau, ga zobe a bakinta da guntun allo, zoben ko ƙwarzane bai yi ba.

Barnaba ne ya ɗauke shi a jirginsa suka bi kogi suna tsintar katakai. Tanimu yana zaune a ciki, kansa a sunkuye, sai ya ga faifan nan, baƙi, mummuna, a maƙale a ƙarƙashin goshin jirgi.

To, ga ma'anar misalin. Jirgin shi ne ranka, hadarin kuwa gwaji ne, kuma ba ya aiko da saƙo. Zoben shi ne abin da ake yaba wa ɗan'uwanka: muryarsa a ƙungiyar mawaƙa, zaman lafiyar gidansa. Faifan ƙarfen shi ne addu'a da haƙuri da tuba waɗanda Allah kaɗai ke gani. Mai ƙyashi daga gangare yake kallo, shi ya sa abin da ke sheƙi kawai yake kwaikwaya. Ku da kuke dariya a bencin baya, kowa ya san wanda ya shigo yana harara yau da safe. In an tashi daga coci, kai mai hararar, ka je wurin wanda kake wa ƙyashi ka gaishe shi, ka roƙe shi ya nuna maka yadda yake durƙusawa a gaban Allah.