Tabon Kujerar Hajiya Tasalla

An yi wani bawan Allah a wani gari, zamanin da kujerun kushin masu rigar yadi suka fara shiga gidajen masu hali. Sunansa Tanimu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Wankin kujeru yake yi gida-gida, da bokitinsa da buroshi mai laushi da farin ƙyalle. Yakan ce kujerar yadi ba ta son gaggawa, dangwalawa ake yi ba dirzawa ba, kuma a inuwa ake shanya ta don kada rana ta cinye launin.

Wata rana aka kira shi gidan wani Alhaji Shitu. Ya tarar da falo tsit, kamar an yi mutuwa. Alhaji na tsaye, matarsa Hajiya Tasalla na tsaye, can a gefe kuma mahaifin Alhaji, Baba Ilu, na zaune bisa darduma yana jan carbi.

Hajiya ta nuna doguwar kujera. Ubanta ne ya saya mata, tana ji da ita kamar ƙwai. Ta ce, "Malam Tanimu, wani ya ɓata min kujera, ya kuma kife kushin ɗin don kada a gani."

Tanimu ya durƙusa, ya zuge zif, ya cusa hannu ya taɓa soson. Nan take ya gane. Fitsari ne, ya ratsa har ƙasa, kuma yaro ba ya yin mai yawa haka. Ya ɗaga ido, sai ya ga carbin Baba Ilu ya daina tafiya.

To ku saurara, jama'a. Hajiya ta daɗe tana so a mayar da tsohon nan ɗakin bayan gida, inda ba mai zuwa gaishe shi. Alhaji ya ce sai ya ga dalili. Ita kuwa ba ta iya ambaton surukinta da bakinta, kunya ta hana. Bakin wani take nema.

Ta ce, "Kai ka san aikinka. Faɗa a gaban maigidan, na yaro ne ko na babba?"

Tanimu ya auna zancen a ransa. In ya ce na yaro ne, ya yi ƙarya. In ya ce na babba ne, ya tuɓe dattijo a gaban ɗansa da surukarsa. Ga shi kuma duk gidajen unguwar nan Hajiya ce ta haɗa shi da su.

Ya ce, "Hajiya, tabon zai fita da yardar Allah. Ruwan sanyi yake so, na zafi kama warin yake yi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na ji, Hajiya. Ni tabo aka koya min fitarwa, ba a koya min nemo mai shi ba."

Alhaji ya daka masa tsawa: "Kai, ana tambayarka kana kewaye-kewaye!"

Tanimu ya zare rigar kushin ɗin, ya naɗe ta da wurin tabon a ciki, ya rungumi soson ya fita da su tsakar gida. Hajiya ta biyo shi tana cewa in bai buɗe baki ba, ya gama cin abinci a unguwar nan. Wallahi ya ji tsoro, don yana da iyali. Amma ya sunkuya ya ci gaba da wankinsa, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa, har wari ya bar soson.

Hajiya kuwa ta cika alkawari. Gidaje suka daina kiransa, har ya koma dako a kasuwa. Amma Alhaji bai samu dalili ba, Baba Ilu ya ci gaba da zama a falo ana zuwa gaishe shi.

Da ciwon ajali ya kama tsohon, ya kira ɗansa, ya faɗa masa komai da bakinsa. Sa'an nan ya ce, "In na cika, kada ka kira kowa. Ka nemo min mai wankin kujerun nan, shi zai yi min wanka. Na riga na ga yadda yake yi da abin da ya gani."

Haka aka yi. Ga malamai, ga manyan gari a ƙofar gida, aka buɗa wa ɗan dako hanya ya shiga, Alhaji na biye da shi yana kuka.

'Yan'uwa, wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, Allah zai rufa nasa ranar da ba mai rufawa sai Shi. Akwai tsoho a gidanka, akwai tsohuwa a gidanki. Ran da jiki ya ci amanarsu, ka ɗauki ruwa ka wanke, ka ja bakinka ka yi shiru. In Allah ya ja kwananmu, mu ma can muka nufa. Allah ya suturta mu duniya da lahira.