Bunsuru da Gammon Kiran Rana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya!

A zamanin da, in sanyi ya tsananta, dare ya yi tsawo, dabbobi sukan tsorata kada rana ta yi yaji. Sai su naɗa gammo da ɗanyen ganyen gawo, su rataya a wurin tsafi, wai in ta hango kore za ta huce ta dawo.

Wata shekara aka ba Bunsuru gammon ya kai. An ba kura ajiyar nama! Ya ce bari ya ɗanɗana ganye ɗaya. Kafin ya isa, saura igiya.

Ya ruga wurin Hawainiya. "Ƙawata, rufa mini asiri! Ki rikiɗe kore, ki ciji wutsiyarki, in rataye ki."

Ta ce, "Har yaushe?"

Ya ce, "Yanzun nan za a watse." Ta yarda, ya kai ta wurin tsafi ya rataye gaban taron dabbobi.

Kunkuru, sarkin tsafi, yana cikin surkulle sai ƙuda ya gifta. Gammo ya zaro harshe, caraf!

Kunkuru ya ce, "Kai Bunsuru, gammon nan ƙuda yake ci?"

Bunsuru ya danne gyatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, gawon bana ne, ƙarfi gare shi."

Kwana biyu, rana ta fara daɗewa a sama. Kunkuru ya ce bai taɓa ganin gammo mai albarka haka ba, duk shekara Bunsuru ya kawo irinsa.

Shi ya sa har yau Hawainiya ke tafiya ɗari-ɗari, ido ɗaya gaba, ɗaya baya. Bunsuru take dubawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, mai jin sanyi ya ƙara itace.