Kekunan Da Dumiso Ya Sayar

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta Mpopoma, nan Bulawayo, ana kiransa Fanyana Mlotshwa. Aikin jirgin ƙasa ya yi har ya ajiye, shi ne mai zuba kwal a cikin injin. Matarsa MaDlodlo tare muke zuwa kasuwa. Ba ta da yawan surutu, shi ya sa muke shiri.

Su biyu suka rage a gida. Ɗansu ɗaya ne, Dumiso, yana can Egoli, babban birnin nan na ƙetaren iyaka, yana neman na kansa, da matarsa da 'ya'yansa biyu, Zodwa da ƙanenta Langa. Sai hutun Disamba ake sako yaran a mota a turo wa kakanninsu.

Fanyana yana da kekuna biyu, baƙaƙe, masu nauyi, irin na da. Ɗaya nasa, ɗaya na matarsa. Gwiwoyinsu duka sun gaji, tafiyar ƙasa wuya take ba su, amma da sun hau keke sai ka ce ba su ba. Wanda bai tsufa ba ba zai gane wannan ba. Keken nan shi ne ƙafarsu.

Tun watan Nuwamba zai fito da kekunan tsakar gida, ya shafa mai, ya liƙe faci, ya ɗaure matashin kujera a kan kowace kariya, wurin ɗora kaya na baya. Shekara guda yake jiran makonnin nan.

In yaran sun iso, da safe kafin rana ta yi zafi sai ka ga sun fito. Fanyana a gaba da tsohuwar rigarsa ta aiki, ya cusa ƙafar wando a cikin safa, Langa a bayansa. MaDlodlo na biye da Zodwa, da kwandon abinci.

"Gogo, Khulu ya fi ki gudu," in ji Langa. Haka yaran suke kiran kakanninsu, ita Gogo, shi Khulu.

"Gudun me? Tun kafin a haifi ubanka nake binsa a baya ina tsince abin da ya yar."

"Kada ka kula ta, abokina," in ji Fanyana. "Kishi take yi, don na fi ta kyau a kan keke."

Sai su shiga gari. Su zauna a lambu su ci gasasshiyar masara, ya saya musu askirim guda biyu, shi da matarsa su ce haƙori ba zai bar su ba. Ya nuna musu tituna, ya ce nan kaza ne, can kaza ne. Kafin hadarin yamma ya haɗu sun dawo.

Wata shekara Dumiso ya ce shi zai kawo yaran da kansa. Ya zo da sabuwar mota, fara, mai tsayi. Kun san mutanenmu na Egoli in Disamba ta yi, kowa so yake a ga abin da ya zo da shi.

Kwana biyu da zuwansa, ya ɗauko abokansa a motar za su wurin gasa nama, sai ga iyayensa a gefen titi suna tuƙa kekunansu, da yaran a baya. Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya ya ce, "Ku dubi tsofaffin nan, har yanzu ba su ji labarin an ƙirƙiro mota ba."

Langa ya gane motar. Ya ɗaga hannu yana kiran babansa. Dumiso ya kawar da kai, ya taka mota ya wuce.

Da yamma ya dawo gida yana huci, kamar shi aka yi wa laifi.

"Baba, so kake a ce na bar ku kuna yawo a kan ƙarafuna? Me mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane?" in ji Fanyana. "Waɗanda na sani gaishe ni suke yi."

"Kuma ka ɗora min yara a kan titi, motoci na wucewa."

"Ban taɓa kayar da su ba."

"To daga yau an daina. Duk inda kuke so, ga mota."

Fanyana ya ce, "Ɗana, gobe ka ajiye motar nan. Zan aro maka keke a maƙwabta, mu tafi tare. Akwai abin da nake so in nuna maka."

Dumiso ya yi wata irin dariya. "Yanzu? Lokacin da nake kamar Langa ka taɓa ɗora ni a keken nan? Kullum kana kan layin dogo. Mama ta ce ko ranar da aka haife ni ba ka gari. Yanzu da na girma ka tuna kana da abin nunawa?"

MaDlodlo ta ce, "Dumiso, kama bakinka."

Fanyana ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari suna coci, Dumiso ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Da suka dawo, wurin da kekunan suke jingine babu komai sai tabon mai a ƙasa.

MaDlodlo ta ce, "Ka yanke mana ƙafa ke nan."

"Mama, na ce akwai mota."

Motar kuwa sau ɗaya ta ɗauke su. Ya kai su wani babban kanti mai sanyi, ya saya wa yaran takalma, ya yi ta amsa waya. Fanyana ya zauna a benci da hularsa a hannu har aka gama. Bayan nan kullum Dumiso yana da wurin zuwa.

Amma Fanyana ya riga ya yi wa yaran alkawari. Tun isowarsu ya ce zai kai su kusa da tasha, inda ake ajiye tsofaffin injunan jirgi. Ranar jajiberin Kirsimeti za a rufe wurin, ba za a buɗe ba sai yaran sun koma makaranta.

Ana gobe za a rufe, da dare ya sauke girmansa ya roƙi ɗansa. Dumiso ya ce, "Ku shirya da safe, zan zo in ɗauke ku."

Suka shirya. Fanyana ya sa kwat ɗinsa ta coci. Suka zauna a bakin ƙofa har inuwa ta bar su. An kira wayar Dumiso, tana ta ƙara ba a ɗauka.

"Khulu, ba za mu je ba ke nan?" in ji Zodwa.

"Wa ya faɗa miki? Ɗauko min sandata."

MaDlodlo ta ce, "Baban Dumiso, ranar nan ba ta tafiya ba ce. Ka san hawan jininka."

"Na yi musu alkawari, MaDlodlo. Ban san ko zan ga wata Disamba ba."

Ita ba ta iya binsu ba, don gwiwa. Na gan su da idona a bakin titi. Motocin haya suna ta wucewa a cike maƙil, ba wadda ta tsaya. Sai ya kama hannun Langa suka fara takawa.

Ba su kai tasha ba. Sun ci fiye da rabin hanya ya ce bari ya ɗan zauna. Ya zauna a gindin wata bishiya, bakinsa ya karkace, sandar ta faɗi. Zodwa ce ta tsaya a tsakiyar titi tana kuka har wani mai motar burodi ya tsaya ya kai su asibiti.

Dumiso bai ji ba sai da yamma. Ya iso da warin hayaƙin nama a rigarsa.

Fanyana ya yi makonni a kwance, ba magana. Dumiso ya sayo duk maganin da aka rubuta, ya zauna a gefen gado yana cewa, "Baba, ka yafe min." Tsohon yana kallonsa, bakin yana motsi, amma ba abin da ke fita. Ko ya yafe ko bai yafe ba, ba wanda zai iya faɗa muku. Ya rasu a watan Janairu.

Bayan an binne shi, Dumiso ya je neman kekunan. An riga an yayyanka su. Ya sayo sababbi guda biyu masu ƙyalli, ya jingina a tsakar gida.

MaDlodlo ta dube su ta ce, "Wa zan bi a baya?"

Ta koma ɗaki. Ba ta sake hawa keke ba.

Da Disamba ta zagayo, Dumiso ya zo da yaran. Wata safiya ya fito da sababbin kekunan, ya ɗora Langa a bayansa, ya ce wa Zodwa, "Ke kin girma, hau wancan. Ki yi gaba, ni ban san hanyar ba."

Ta yi gaba. Duk inda suka iso sai ta rage gudu ta nuna masa. Nan Khulu yake sayen masara. Nan yake cire hula ya gaida wata tsohuwa. Nan ya ce ya fara ganin Gogo. Dumiso a garin nan aka haife shi, amma ko ɗaya bai sani ba.

Suka isa wurin injunan. Zodwa ta yi ta duba su ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a gaban wani baƙi mai tsatsa, ta karanta lambar da ke jikinsa.

"Wannan ne," ta ce. "Ranar da ya faɗi, a hanya Khulu ya faɗa mana lambarsa. Ya ce a cikinsa yake ranar da aka haife ka, a hanyar Hwange. A wata ƙaramar tasha aka ba shi labari. Ya roƙi a bar shi ya dawo, aka ce in ya sauka ya bar aiki ke nan. Sai direban ya bar shi ya ja ƙahon jirgin, ya yi ta ja har tasha ta gaba. Ya ce in ka zo, zai nuna maka igiyar da ya ja."

Dumiso ya dafa ƙarfen ya tsaya. Langa ya ja rigarsa.

"Baba, wace igiya ce?"

Ya ɗaga kai ya duba cikin injin. Bai san wacce ba ce, kuma ba wanda zai tambaya.

Darasi: Kada kunyar idon mutane ta sa ka ƙwace wa tsoho ɗan abin da yake tsaye a kansa. Waɗanda kake gudun dariyarsu ba su za su zauna da kai a gefen gado ba. In mahaifinka ya ce zo in nuna maka wani abu, ko kana da ƙorafi a kansa, tashi ka bi shi yau, domin kuɗi na sayen sabon keke amma ba sa dawo da mai nuna hanya. Ku tura wa 'ya'yanku da ke nesa, su karanta tun iyayensu na iya magana.