Zaren da Gizo Ya Ƙi Kwancewa

"Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku."

"Ta iso mu ji ta, Kaka."

Wata rana Gizo yana dawowa daga yawonsa na banza, sai ya ji kuka a tsohuwar rijiyar bayan gari. Ya leƙa, ya ga kare, haƙarƙari duk a waje.

"Kai, me ya kai ka ciki?"

"Farauta muka fito na faɗa. Maigidana ya leƙo, ya ga ƙafata ta karye, ya wuce abinsa."

Tausayi ya kama Gizo, kuma na gaskiya ne, kada ku ce ban faɗa ba. Ya zaro zare daga cikinsa, ya ninka shi bakwai, ya zura. Kare ya zarga zaren a ƙirji. Gizo ya ja, ya ja, ya ja, har ya fito da shi.

"Daga yau kai nawa ne. Ci da sha da wurin kwana, duk a kaina."

Kare ya bi ƙafafun Gizo ya lashe, duka takwas ɗin.

Maimakon gida, sai Gizo ya ja shi kasuwa. Ya hau kan turmi ya ce rijiyar gaba goma ce, shi kaɗai ya ja. Aka ba shi fura. A hanya kare ya ce, "Maigida, kwance mini zaren nan, yana cin fatata."

"In na kwance, me zan nuna wa mutane? Ai shi ne shaida."

Kasuwa ta zagayo, rijiya ta koma gaba arba'in, har da kumurci a ciki. Aka ba shi ƙosai. Kare ya ce, "Maigida, zaren nan."

"Yi haƙuri, sai gobe."

Kasuwa ta uku, kada biyu suka shiga labarin. Wata tsohuwa mai daddawa, Ladingo, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na Gizo, ta dubi karen ta ce, "Gizo, yaya sunansa?"

"Karen da Gizo ya ceto, Iya."

"Wannan ai sunanka ne."

Mutane suka yi dariya, Gizo ma ya yi. Kare ya buɗe baki zai yi maganar zare, ya ga ba mai saurare, ya kwantar da kai a ƙasa.

Ana nan sai aka gayyaci Gizo biki a wani gari, don ya je ya ba da labarin rijiya. Kare ba ya iya doguwar tafiya, sai Gizo ya ɗaure shi a gindin bishiyar tsakar gida. Ya cika kasko da ruwa, ya auna ya ga bakin kare yana kaiwa, ya zuba masa tuwo. Ya ce, "Gobe war haka na dawo."

Labari ya yi daɗi a can. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata.

Ya dawo da ƙashin rago a ƙunshe cikin ganye, yana ta murnar yadda kare zai yi tsalle. Ya shiga gida, shiru. Zare ya nannaɗe a jikin bishiya, bakinsa a yanke. Ƙasa duk sawun farce, an tona, an tona, ramin ya tsaya taƙi ɗaya kafin kasko. Ruwa yana nan, bai ragu ba sai abin da rana ta sha.

Gizo ya tsaya ya gane da kansa. Inuwa tana juyawa, kare yana bin ta yana zagaya bishiya, kowane zagaye zaren yana gajercewa.

Ya buɗe baki zai kira shi. Ba sunan da zai kira. Ya fita yana "Kare, kare," duk karnukan unguwa suka waiwayo, ban da nasa.

A gidan Ladingo ya same shi, kwance a kan buhu, tana shafa masa man kaɗe a inda zare ya yanka. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kwana biyu ina jin nishi ta katanga, ina cewa kana nan. A na uku na shiga da wuƙa. Kyalle, ɗaga hannun in shafa."

Kare ya ɗaga.

Gizo ya ce, "Iya, ni fa na ciro shi."

Kyalle ne ya amsa, muryarsa a dushe. "Kai ka ciro ni, kuma ba zan manta ba har in mutu. Amma Maigida, a rijiyar nan ko ba komai akwai inuwa, akwai ɗan ruwa a ƙasa."

Gizo ya ajiye ƙashin a bakin buhu, ya juya. Yana tafe yana kasa kunne ko zai ji taku a bayansa. Bai ji ba.

Bai sake ba da labarin rijiya ba. Tun daga ranar yake shimfiɗa zare a bakin ƙofa, ya koma gefe ya lafe, wai ko Kyalle zai shigo ya taɓa, ya ji motsi. Sai ƙuda.

To, 'yan nan, ciro dabba daga rami aikin yini ɗaya ne. Riƙonta kuwa aikin kullum ne: ruwanta, inuwarta, sunanta. Wanda ya san ba zai iya ba, ya ciro ta, ya miƙa wa mai iyawa.

Ƙungurus kan kusu. Wanda ya ce na ƙara gishiri, ga Gizo can a saman ƙofa, ya tashi ya tambaye shi.