Ilu Mai Haƙar Rijiya da Dutsen da Ya Yi Motsi

An yi wani mutum a can zamanin da, sunansa Ilu, sana'arsa haƙar rijiya. Ba shi da ubangida, ba shi da wurin aiki tsayayye. Yau wannan ƙauye ya kira shi, ya haƙa, ya ɗaure ta da duwatsu, a sallame shi. Gobe sai wani ƙauyen.

To, ku saurara. Wata rana shi da abokin aikinsa Shekarau suka gama wata rijiya mai gaba goma sha biyu. Ruwa ya fito garau, mata suka yi guɗa, aka yi musu fura, suka kama hanya. Wani attajiri na jiransu a gari na gaba, ya ce in ba su iso ranar kasuwa ba, wasu zai ba aikin.

Sun yi nisa, sai Ilu ya tsaya cak.

"Lafiya?" in ji Shekarau.

"Akwai wani dutse can ƙasa, wajen gaba ta tara. Da na taka shi zan fito, ya yi motsi."

"Haba Ilu! Wa zai gani? Mu da ba za mu sake komawa garin ba?"

"Damina za ta gani. In ya zame, na samansa za su bi shi. Kuma mata ne ke tsayawa a bakin rijiyar nan."

Jama'a, ya juya. Wallahi ya juya! Shekarau ya wuce abinsa.

Mai gari na ganinsa ya ɗaure fuska, ya zaci ƙarin kuɗi ya zo nema. "Me kuma ya rage?"

"Ranka ya daɗe, igiya nake so a ara mini."

Ya shiga, ya gyara dutsen, ya fito jiƙe sharkaf, taɓo har gemu. Wata tsohuwa ta leƙa rijiyar, ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, a kan dutse guda ka dawo?" Aka fashe da dariya, shi ma yana dariya.

Aikin attajiri kam ya wuce shi. Amma matan ƙauyen suka ɗauki labarin zuwa kasuwa, daga kasuwa ya shiga ƙauyuka. Kafin rani ya fita, sai da Ilu ya riƙa ba mutane haƙuri, don kira ya yi masa yawa.

'Yan'uwa, yau yawancinmu irin aikin Ilu muke yi. Kwangilar wata uku, gini, jan waya, ɗinkin kayan makaranta, a gama a watse. Sai zuciya ta ce maka, ai ba za ka dawo ba. Kai za ka tafi, aikin zai zauna, mutane za su tsaya a kansa, kuma Allah na ganin inda ido bai kai ba. In ka san akwai dutsen da ya yi motsi a aikinka, koma ka gyara tun yau. Allah Ya sa mu iya.